Mita 280 Da Agogona Ya Ɓoye Mini

Duk mai fitowa sallar asuba daga hostal ɗin maza ya san mu. Mu ne mutum huɗun nan ko biyar da kuke gani muna zagaya filin ƙwallo kamar waɗanda aka biyo, mu sheƙa a guje, mu tsaya muna haki hannu a ƙugu, kowa ya leƙa tsintsiyar hannunsa, sai kuma mu sake zurawa. Wani ɗan ajinmu ya taɓa tambayata wai ko rantsuwa na yi. Ba rantsuwa ba ce, amma akwai dalili, kuma tunda wannan ce shekarata ta ƙarshe a makarantar nan, gara in ba da labarin kafin in tattara komatsaina.

Ina ND I na cike fom ɗin neman aikin ɗamara. Ba sai na faɗi wace hukuma ba ce, don ba su yi mini laifin komai ba. Sunana ya fito cikin waɗanda za a tantance, kuma an gaya mana cewa cikin gwajin akwai gudun kilomita 3.2. Baba ya yi ritaya, ni ne babba a ɗakinmu, ƙannena biyar ne a bayana. Ranar da sunan ya fito Umma har sadakar waina ta yi. Saura wata biyu a lokacin, ni kuma rabona da gudu tun ƙwallon unguwa.

Sai na shiga kasuwar 'yan waya na sayo agogon zamani, irin mai baƙar fuskar nan kamar ƙaramar waya. Kwalinsa babu abin da bai yi alƙawari ba: bugun zuciya, hawan jini, awon barci, amsa kira, komai da komai. Kuɗin abincina na sati biyu ya tafi a kansa, na koma garin kwaki da ƙuli ina jin kaina ɗan wasa. Na sauke manhajarsa a waya, ta tambayi tsawona da nauyina, na rubuta mata, shi ke nan.

Kowa a makarantar nan ya san wai zagayen filin ƙwallo mita 400 ne. Wa ya auna? Oho. Haka muka tarar ana faɗa, haka mu ma muke gaya wa sababbin ɗalibai. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: kilomita 3.2 zagaye takwas ke nan cif. Ranar farko da na yi takwas ɗin na duba agogo, sai ga shi ya nuna 3.2 da ɗan ɗigo a kai. Na ce alhamdu lillahi, baki ya zo ɗaya, fili ya ce 400, agogo ma ya ce 400. Daga nan kullum da asuba sai in fito in yi zagaye takwas iya ƙarfina, in ɗauki hoton fuskar agogon in ɗora a sitatus. Daga minti 17 na sauko 15, na sauko 14. Satin ƙarshe na yi minti 13 da sakan 20. Abokai suna ta turo mini hoton wuta, wasu har sun fara kirana Ofisa.

Ranar tantancewa a kan kwalta aka sake mu, mu da yawan gaske, ƙura ta tashi. Na fita da wani irin sauri da ban taɓa yi ba, don ina ganin mutane suna wuce ni zuciyata ta ƙi yarda. Kafin rabin hanya ƙirjina ya ɗauki zafi, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hanyar ta ƙi ƙarewa. Jikina ya san inda gudun nan yake tsayawa, wata biyu yana tsayawa a wurin, amma na kai wurin ban ga alamar ƙarshe ba. Agogon ya riga ya nuna 3.2 tun tuni. Ina hango inda jami'an suke tsaye, tazarar ba ta wuce tsawon filin ƙwallo biyu da wani abu ba, aka busa usur. Duk wanda bai iso ba aka ce ya koma gefe. Na koma gefe.

A tasha na kira Baba. Na yi ta shirya bayani a raina, amma da ya ɗauka abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, ban samu ba." Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Allah bai nufa ba. Ka ci abinci kuwa?" Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuɗin motar da na zo da shi na san daga inda ya fito.

Na jefa agogon a ƙasan akwati, na bar gudu. Na tafi SIWES wata huɗu wajen wani mai aikin safiyo, ina riƙe sanda a rana ina buga fegi. Da muka dawo ND II, wata rana aka fitar da mu aikin fili, rukuninmu ya faɗo daidai gefen filin ƙwallo, ga tef ɗin ƙarfe mai mita 50 a hannuna. Ni ɗalibin Safiyo ne fa. Shekara guda ina koyon awon ƙasa, kuma ban taɓa tunanin in auna ƙasar da nake gudu a kanta ba. Da muka gama abin da aka sa mu, na roƙi 'yan rukunin su ba ni rabin awa. Muka bi sawun nan da ƙafafun masu gudu suka fitar a ciyawa. Miƙaƙƙun wurare ba wuya. A kwana kuwa sai da muka riƙa kafa fegi duk bayan mita biyar don tef ɗin ya bi lanƙwasar. Muka auna sau biyu, tafiya da dawowa, kamar yadda aka koya mana. Na farko ya ba mu mita 364.6, na biyu 365.3.

Mita 365 ke nan. Kowane zagaye da giɓin mita 35. Sau takwas, mita 280. Na zauna a kan ciyawa na yi lissafin a bayan littafin fili. Abin da nake gudu ina kira 3.2 ashe mita 2,920 ne. Sakan 100 da nake yi a zagaye, in da cikakkiyar 400 ce, kusan 110 ne. Ina zaton ina cinye kilomita a minti 4 da sakan 10, ashe minti 4 da sakan 34 ne. Da wannan saurin, gudun da na yi ta tallatawa a matsayin 13:20 gaskiyarsa 14:37 ne, shi ma in ban ƙara gajiya a ƙarshen ba.

Ba zan ce mita 280 ɗin ce kaɗai ta kayar da ni ba. Fitar haukan da na yi a farko ita ma ta ci rabonta. Amma tazarar da ta rage mini ranar da aka busa usur ta yi kama da wannan lambar har abin ya ba ni tsoro.

To shi agogon me ya sa ya goyi bayan ƙaryar? Da na koma kansa sai na gane babu GPS a cikinsa ko kaɗan. Taku yake ƙirgawa daga kaɗawar hannu, sai ya ninka da tsawon takun da ya ƙiyasta daga tsawon da na rubuta masa. Ni dogo ne amma takuna gajere, sai ya riƙa ba ni kyautar da ban yi aikinta ba. Kuskurensa da kuskuren jita-jitar fili suka zo daidai da juna bisa tsautsayi. Da na ba malaminmu labarin a ofis, dariya ya yi ya ce, "Ai darasin farko ke nan da na koya muku. Awo biyu da suka dace ba shaida ba ne, sai in ɗaya daga ciki an gwada shi da abin da aka tabbatar." Na ce, "Malam, a jarrabawa na ci wannan tambayar." Ya ce ya sani, shi ya yi makin.

Ranar da muke awon nan akwai wani dattijo da ya tsaya yana kallonmu. Kun san shi, mai tsohuwar rigar wasannin nan shuɗiya da agogon tsere rataye a wuya da igiyar takalmi, wanda kowa ke kira Koci. Ba ma'aikacin makaranta ba ne, a bayan katanga yake zaune, ya yi gudun dogon zango da ƙuruciya. Da na gaya masa sakamakon bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ɗan safiyo, ai ƙafata ta gaya mini bai kai ba tun kafin a haife ka. Ba wanda ya tambaye ni ne." Na ba shi labarina duka. Ya tambayi yadda nake atisaye, na ce zagaye takwas kullum iya ƙarfina. Ya girgiza kai ya ce wannan ba atisaye ba ne, jarrabawa nake zaunawa kullum ba tare da karatu ba. Ya ce in zo ranar Talata bayan asuba a fara intabal.

Ga wanda bai sani ba, intabal gudu ne da hutu a tsakani. Maimakon ka yi 3.2 a dunƙule, sai ka yanka ta gunduwa-gunduwa, misali mita 400 sau takwas, kowace ka yi ta da saurin da ya ɗan fi wanda kake so ka riƙe ranar tsere, tsakaninsu ka huta sakan 90 kana tafiya ko sassarfa. Hutun ne ke ba ka damar tara gudu mai yawa a saurin da ba za ka iya riƙewa a dunƙule ba tukuna, har jiki ya saba. Daga baya na bi tarihin abin a waya. Wani koci Bajamushe, Woldemar Gerschler, shi ya tsara shi a shekarun 1930, kuma ya yi aiki tare da wani likitan zuciya, Herbert Reindell. Ƙa'idarsu ita ce a yi gudu har bugun zuciya ya kai wajen 180 a minti, a huta ya sauko wajen 120, a sake. Ɗan wasan Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 a minti 1 da sakan 46.6 a 1939, kuma ba a karya wannan tarihin ba sai 1955. Wanda ya fi burge ni shi ne Roger Bannister na Ingila, don shi ma ɗalibi ne, yana karatun likita. A lokacin hutun cin abincin rana yake fita ya yi zagaye goma na yadi 440 ya koma asibiti. Ranar 6 ga Mayu 1954 ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, 3:59.4. Duk cikinsu babu mai agogon da ke magana da tauraron ɗan'adam. Fili aunanne suke da shi da mutum mai agogon tsere a bakin layi.

Mu ma abin da muka fara yi ke nan. Tunda zagayen 365 ne, muka auna mita 35 baya daga layin ƙarewa muka kafa dutse. In ka tashi daga dutsen, ka wuce layin, ka zagayo ka sake taka shi, ka yi 400 ta gaskiya. Muka sa wata alamar a daidai mita 200.

A lokacin na riga na sayi wani agogon da ɗan abin da na tara a wajen SIWES, na hannu ne, gilashinsa da tsaga a gefe, amma GPS ɗinsa na gaske ne. Babban dalilina ma ba daidaito ba ne, tsoron fita da waya ne da duhun asuba, kun dai san halin da ake ciki da masu ƙwace. Na zaci matsala ta ƙare. Ashe sabon karatu ne.

Na shiga manhajar na tsara atisayen tsaf: ɗumama jiki minti goma, mita 400 sau takwas, hutun sakan 90. Agogon zai girgiza in an fara, ya girgiza in an gama. Talatar farko na tashi daga dutse, ina cikin gudu saura kamar taku goma in kai layi sai na ji girgiza a hannu, wai na gama. Na tsaya. Koci ya daka mini tsawa daga can, "Wa ya ce ka tsaya? Layin ne zai zo ya same ka?" A zagaye na gaba sai da na wuce layin da 'yan taku kafin ya girgiza. Na uku ya sake riga ni.

Wannan kam na san dalilinsa daga aji. Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, kuma na'ura tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Agogon hannu yana ɗaukar matsayinka kamar sau ɗaya a sakan, sai ya haɗa ɗigon da layi ya tara tsawonsu. Kowane ɗigo yana iya kaucewa da 'yan mitoci. Na'urar da muke aikin safiyo da ita tana kaiwa daidaiton santimita ne saboda akwai ta biyu da aka kafa a wurin da aka san matsayinsa tana gyara mata kuskure, agogo kuwa shi kaɗai yake fama. A miƙaƙƙiyar hanya mai tsawo kaucewar ba ta cika damuwa ba. A fili mai kwana biyu kowane zagaye, ga layin darbejiya ta gefen yamma yana tare sama, sai ka buɗe taswirar bayan ka gama ka ga wai ka ratsa ta tsakiyar raga, ko ka haura katanga ka dawo.

Lambar da ta fi yaudara ita ce ta saurin nan-take, wadda ke canzawa kana cikin gudu. Duba lissafin: mai yin 400 a sakan 100 mita huɗu yake ci a kowane sakan. In kuskuren ɗigo ɗaya ya kai mita biyu ko uku, ka ga ya kusa kai tafiyar kanta. Don kada lambar ta yi ta tsalle, agogon yana tausa ta da na 'yan sakannin baya, shi ya sa kullum a makare take. Ka tashi da ƙarfi tana nuna maka kana tafiyar hawainiya, sai ka ƙara wuta, kafin ta farga ka riga ka ƙone. Sati biyu ina bin wannan lambar kamar mai bin inuwarsa.

Abin da ya daidaita mini al'amari ƙananan gyare-gyare ne. Na cire nisa daga tsarin, na mai da kowane zango ya ƙare sai na danna maɓalli da hannuna a kan layi. Hutun kaɗai na bar wa agogo ya ƙirga, don a ƙirgar sakan ba ya kuskure, kuma ba ya jin tausayina in ina haki. Na kashe abin nan da ke yanka zagaye da kansa duk kilomita ɗaya, wanda ya taɓa raba mini zango na uku gida biyu ya ɓata lissafin ranar gaba ɗaya. Fuskar agogon na share komai na bar lamba ɗaya babba, sakan nawa na yi a wannan zangon. Ina leƙa ta sau ɗaya a alamar 200: in ina neman 100, ya kamata in ga 50. In na ga 44 na san na yi wauta, in sassauta tun kafin ta kama ni. In kuma ina son sanin saurin a kilomita, sai in ninka lokacin da biyu da rabi: sakan 100 ya zama 250, wato 4:10, sakan 104 ya zama 4:20. Ranar da muka fita kan titi inda ba alama, a nan GPS ke da amfani, amma ko a nan matsakaicin saurin zangon nake dubawa, ba na nan-take ba. Akwai agogunan Garmin da Coros masu tsari na musamman don filin tsere, waɗanda ke gane siffar filin su daidaita awon a kai. Nawa ba shi da shi, kuma ko da yana da shi, an yi shi ne don fili mai ƙa'ida, ba sawun ciyawarmu ba.

Maganar bugun zuciya kuma, koren hasken nan da ke walƙiya a bayan agogo jinin da ke wucewa ƙarƙashin fata yake karantawa. In kana zaune ko kana sassarfa yana ƙoƙari. A gajeren gudu mai ƙarfi sai ya makara, har wani lokaci lambar ta fi hawa bayan na tsaya. In madaurin ya yi sako-sako kuma, yana iya kama kaɗawar taku ya ɗauka zuciya ce. Koci bai yarda da shi ba sam. Yatsu biyu yake sa mu ɗora a wuya, ya ƙirga sakan goma da agogonsa, mu ninka da shida. Na gwada su tare sau da yawa a ƙarshen hutu, kuma gaskiya a nan ba su cika saɓawa ba, amma ban gaya masa ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa agogon banza ne. Akwai abu ɗaya da ya yi mini wanda ba wanda ya taɓa yi, shi ne ajiye shaida. Ga abin da manhajar ta rubuta a Talatar da na fara danna maɓalli da kaina, ina neman sakan 100: 84, 90, 97, 104, 110, 115. Babu na bakwai da na takwas, don ina bayan raga ina amai. Da na kalli jerin nan a ɗaki sai na ga ranar tantancewa ce aka rubuta mini da lambobi. Halina ne a fili: in fita da fankama, in ƙare da rarrafe. Koci ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya duba, ya ce, "Na farkon nan na 'yan kallo ne. Na ƙarshen ne naka." Ya kafa mini doka, duk ranar da zangon farko ya fi na ƙarshe sauri da sama da sakan uku, atisayen bai ƙirgu ba.

Riƙe kai a zangon farko ya fi gudun wuya, ban taɓa zato ba. Ƙafa tana da ƙarfi, iska da sanyi, ga 'yan ajinku sun fito daga masallaci suna kallo, kai kuma an ce ka yi tafiyar da kake jin kamar wasa ce. Sai da na yi wajen wata biyu kafin jerin ya fara kama da na mai hankali. Na Talatar da ta wuce: 98, 98, 97, 98, 99, 98, 98, 96. Na fi alfahari da wannan jerin fiye da duk wani sakamako da na samu a makarantar nan, har da na lissafi.

Don dai in san matsayina, na lissafa na Eliud Kipchoge ranar da ya yi gudun fanfalaki a Vienna a 2019 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. Sakan 68 ne a kowace mita 400, sau 105 da ɗoriya, babu hutu. Na gwada yin guda ɗaya tak a 68. Ban kai ba, kuma Koci ya hana ni atisaye kwana biyu saboda shirmen.

Wata Asabar muka je babban filin wasa na jiha don mu taka fili mai ƙa'ida. A can ma akwai tarko. Mita 400 ɗin a layi na ɗaya kawai take, na can ciki. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka duk layin da ka matsa waje zagayen yana ƙaruwa da mita bakwai da wani abu. Layi na huɗu wajen mita 422 ne, na takwas ya haura 453. Abokin gudunmu ɗan Akanta ya yi takwas ɗinsa a layi na huɗu saboda cunkoso, ya fito ransa a ɓace wai ya lalace, alhali kusan mita 180 ya ƙara a kan namu. Shi filin ya cuce shi ta sama, ni ya cuce ni ta ƙasa.

Sitatus kuwa na daina ɗorawa, sai dai ina tura gudun a Strava don mu huɗun muna ganin na juna. Ko a nan sai da na gyara wani abu. Na lura taswirar tana farawa daga ƙofar ɗakinmu ta ƙare a nan, ga lokacin fitata ga na dawowa, duk wanda ya buɗe ya san sa'ar da ɗakin yake ba kowa. Ba ƙaramin abu ba ne: a farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi tana nuna siffar sansanonin soja a wurare irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da agogunansu a kunne. Mai neman aikin ɗamara ya kamata ya san wannan tun yanzu. Na rufe shafina sai abokai, kuma ba na kunna agogon sai na iso fili.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi gwaji na gaske, zagaye takwas da ƙarin mita 280 da muka auna da tef. Na danna a 13:52. Agogon Koci ya ce 13:53, kuma nasa ya rubuta a littafinsa. GPS ɗin ya ce wai kilomita 3.31 na yi, ban ko kula shi ba. Da na gaya wa abokin ɗakina sai ya ce, "Kai, ashe baya ka ci? Ba 13:20 kake yi bara ba?" Na buɗe baki zan yi masa bayanin mita 35, sai na tuna yana da jarrabawa ƙarfe takwas, na ce masa e, haka ne.

Na sake cike fom. Shekaruna 22, furojek ɗina bai kammala ba, kuma ban gaya wa Umma ba tukuna, don kada a sake soya waina da wuri. Baba kaɗai ya sani. Da na gaya masa tambaya ɗaya ya yi, "Wannan karon ka auna?" Na ce na auna, sau biyu.

Duwatsun suna nan ga duk mai so. Wanda muka shafa wa shuɗin fenti a gindin darbejiya ta uku shi ne wurin tashi na mita 400, layin ƙarewa yana daidai tutar kwana ta ɓangaren masallaci, alamar 200 kuma farin dutse ne a ɗaya gefen. Muna fitowa Talata da Alhamis bayan asuba, ba a biyan ko sisi, kuma ba sai kana da agogo ba, na Koci ya ishe mu. 'Yan ƙwallon yamma kuma, don Allah don Annabi ku daina kwashe mana duwatsun kuna yin raga da su. Sau uku ke nan ina zuwa sashe aron tef, har mai kula da sito ya fara tambayata ko fili na saya.